Gida Ya Zama Aji: Karatun Yara da Walwalarsu a Gidajen Hausawan Manchester da Birmingham Lokacin Kullen Korona

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda rufe makarantun Ingila a 2020 da 2021 ya taɓa karatun yara da kwanciyar hankalinsu a gidajen Hausawa mazauna Manchester da Birmingham. Ta dogara da rahotannin hukumomi, da binciken masana da aka riga aka wallafa, da kuma abin da zama cikin jama'a yake nuna wa mai lura. Hujjar da take kafawa ita ce, hukuma ta auna matsalar da yawan kwamfutoci da awannin darasi, alhali babban abin da gidan baƙo ya rasa shi ne mutane. Gidajen da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda iyaye suka bar wa malami koyarwa, suka riƙe abin da babu mai iya yi sai su: tsara yini, ciyarwa, magana da yaro cikin harshen gida, da sauraronsa.

Gabatarwa



A ranar 18 ga Maris, 2020, sakataren ilimi na lokacin, Gavin Williamson, ya shaida wa majalisa cewa za a rufe makarantun Ingila daga yammacin Juma'a, 20 ga wata. Waɗanda aka bar wa ƙofa a buɗe su ne 'ya'yan ma'aikatan da ƙasa ba za ta iya tsayawa ba sai da su, da yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman. Ranar 23 ga watan firayim minista na lokacin, Boris Johnson, ya sanar da kulle ƙasar baki ɗaya. Wasu azuzuwa sun koma a Yuni, kowa ya koma a Satumba, sai kuma a daren 4 ga Janairu, 2021, bayan yara da yawa sun yi yini ɗaya tak a aji, aka sake rufewa har zuwa 8 ga Maris.

Ko a watannin da aka ce makarantu na buɗe, karatun bai zauna da gindinsa ba. Ɗalibi ɗaya ya kamu, sai a sallami ajinsu gida na mako biyu. Biranen nan biyu sun ɗanɗana wannan fiye da wurare da dama. Yankin Manchester ya shiga takura tun ƙarshen Yuli, kuma a 23 ga Oktoba aka ƙaƙaba masa mataki mafi tsanani bayan doguwar taƙaddama tsakanin magajin yankin na lokacin, Andy Burnham, da gwamnati. Birmingham da maƙwabtanta Sandwell da Solihull an hana su ziyarar gida da gida tun daga 15 ga Satumba.

Ƙidayar 2021 ta nuna Birmingham na da mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari, kusan kashi 30 cikin ɗari Musulmi, Manchester kuwa kimanin 552,000, fiye da kashi 22 cikin ɗari Musulmi. Hausawa 'yan tsiraru ne a cikin wannan taro. Mafi yawa ɗaliban jami'a ne da iyalansu, da likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu kula da tsofaffi, da malaman jami'a. Ba su da unguwa tasu kamar yadda 'yan Pakistan suke da Alum Rock da Sparkbrook ko 'yan Somaliya suke da ƙarfi a Moss Side. A warwatse suke, kuma wannan warwatsuwar ita ce tushen maganata.

Gidan da darasi ya tarar

A Kano ko Katsina mutane da yawa ne ke renon yaro: kaka, gwaggo, yayye, matan gida, malamin allo, har da dattijon da ke zaune a zaure yana kallon wanda ya wuce. Iyalin da suka zo unguwar Longsight ko ta Handsworth sun baro duk waɗannan a gida. Waɗanda suka tsaya musu a madadi su ne makarantar boko, da Islamiyyar yamma ko ta ƙarshen mako, da 'yan gidajen da ake zumunci da su. Kullen ya yanke ukun a mako guda. Ya rage daga uwa sai uba, wani gidan ma uwa kaɗai, domin maigida yana asibiti yana aikin dare, ko kuma rufe filayen jirgi ya rutsa da shi a Najeriya.

Sai batun wuri. Alƙaluman gwamnati kan gidaje na shekarun gab da annoba sun nuna kashi 16 cikin ɗari na gidajen baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka suna cikin cunkoso, idan aka kwatanta da kashi 2 na Turawan ƙasar. Yara uku, darussa uku a lokaci ɗaya, falo ɗaya, ga uba yana barcin rana bayan aikin dare: wannan shi ne ajin da malama take magana da shi ta Zoom ko Teams ba tare da ta gan shi ba. Hukumar sadarwa ta Ofcom ta ƙiyasta cewa yara tsakanin miliyan 1.14 da miliyan 1.78 a Birtaniya ba su da kwamfuta ko wani allon karatu a gida. Ma'aikatar ilimi ta raba na'urori kimanin miliyan 1.3, wanda aiki ne babba, sai dai kaso mai yawa bai isa hannu ba sai a kulle na Janairu. Kafin nan wayar uwa ita ce makaranta, ana karɓa-karɓa, ana lissafin data.

Abinci ma ya shigo ciki. Yaron da ke cin abincin rana kyauta a makaranta ya koma kan tukunyar gida. Gwamnati ta fito da takardar sayen abinci ta fam 15 a mako ga kowane yaro, amma ta ce ba za ta ba da ita a hutun bazara ba. Marcus Rashford, ɗan ƙwallon Manchester United a lokacin, wanda ya tashi a Wythenshawe kuma ya ci irin wannan abinci yana yaro, shi ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa a 15 ga Yuni, 2020. Washegari gwamnati ta janye, ta ware fam miliyan 120 domin yara kusan miliyan 1.3. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bizar ɗalibai da ta ma'aikata tana ɗauke da sharaɗin hana mai ita taɓa tallafin gwamnati, kuma a kan irin wannan biza yawancin mutanenmu suke. An sassauta wa wasu rukunoni na ɗan lokaci a Afrilun 2020, amma sai a Afrilun 2022 aka tabbatar da abincin makaranta ga duk irin waɗannan iyalai idan samunsu bai kai wani mizani ba. Bahaushe kuwa ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layin karɓar sadaka. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma a nan ya ɓoye gidajen da ya kamata a gani.

'Ya'yan ma'aikatan lafiya suna da damar zuwa makaranta, amma iyaye da yawa sun ƙi turawa, kuma tsoronsu na da dalili. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a Birtaniya akwai Dokta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, wanda ya rasu a ƙarshen Maris 2020. A watan Yuni rahoton hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ya tabbatar da cewa baƙaƙen fata da 'yan Asiya sun fi fuskantar haɗarin mutuwa.

Aikin uwa da aikin malama

Wani bincike na cibiyar IFS da ya fito a Mayun 2020 ya gano cewa yaran gidajen masu hali suna yin awa 5.8 a rana kan karatu, na gidajen marasa hali kuwa awa 4.5. Daga baya gwamnati ta wajabta wa makarantu koyarwa daga nesa, kuma a Janairun 2021 ta ƙayyade awa uku a rana ga ƙananan 'yan firamare, huɗu ga manyansu, biyar ga 'yan sakandare. An samar da darussa kyauta: Oak National Academy da shirin BBC Bitesize na kullum sun fara a 20 ga Afrilu, 2020, kuma a kulle na Janairu BBC ta kai darussan talabijin domin waɗanda intanet bai wadace su ba.

Ƙidayar awanni tana da amfani, amma ba ta gaya mana abin da ke faruwa a cikin awar. Iyayen da nake magana a kansu masu ilimi ne, wasu har da digiri na uku. Matsalarsu ita ce hanyar koyarwar da aka bi da su daban take da wadda ake bi da 'ya'yansu. Mu da muka yi firamare a arewacin Najeriya sunan baƙi muka fara haddacewa, muna rerawa a bayan malam. Yaron Ingila sautin baƙi ake fara ba shi, ya riƙa haɗa sautuka har su ba da kalma, kuma a ƙarshen aji ɗaya ana yi masa gwaji a kan haka. Haka lissafi: mu mun saba da aro da ajiya a jere, su kuwa ana fara musu da layin lambobi da rarraba adadi. Sai uwa ta koyar yadda ta sani, yaro ya ce malamarsu ba haka ta ce ba, rai ya ɓaci, kuka ya biyo baya. An yi asarar darasin, an kuma taɓa abin da ya fi darasin tsada, wato sakewar yaro da mahaifiyarsa.

A nan zan ɗan ratse. Hanyar sautuka da ake ganin baƙuwa ce a gare mu, mun daɗe da ita a makarantar allo. Babbaƙu, sannan farfaru, sannan tattashiya: a san baƙi, a ɗora masa wasali, a tashi kalma. Da makarantu sun yi wa iyaye bayani ta wannan fuska, da da yawa sun gane abin cikin minti kaɗan. Rubutun boko na Hausa ma, da yake kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake ɗauka, fili ne mai sauƙi na koyon haɗa sauti.

Gidauniyar EEF ta tattara binciken da ake da shi kan karatu daga nesa a Afrilun 2020. Cikin abin da ta fitar akwai cewa ingancin bayanin malami ya fi muhimmanci a kan ko darasin kai tsaye ne ko naɗaɗɗe, cewa hulɗa da 'yan aji na ƙara wa yaro himma, da cewa koya wa yaro yin aiki da kansa na haifar da sakamako mai kyau. Ni abin da na fahimta daga wannan shi ne, bayani aikin malami ne. Aikin gida shi ne shirya yaro ya karɓi bayanin: ya yi barci da wuri, ya karya kumallo, ya cire kayan barci, ya san inda zai zauna da lokacin da zai tashi. Gidan Musulmi yana da wani tsari a shirye wanda littattafan shawara ba sa ambata, wato lokutan salla. Karatu mai nauyi tsakanin hantsi da azahar, aikin hannu ko zane zuwa la'asar, sannan a fita shan iska. Yaron da ya san yadda yininsa zai kasance hankalinsa ya fi kwanciya, kuma uwa ba sai ta yi ta faɗa ba.

Tambayar da ta fi amfani a bakin uwa ita ce, “Zo ka koya mini abin da aka koya muku yau.” Ba ta buƙatar sanin manhaja. Yaron da ya iya mayar da darasi da bakinsa ya fahimce shi, wanda ya kasa kuwa an gano inda za a rubuta wa malama.

Harshen gida da karatun allo

Iyaye da dama sun shiga fargabar cewa watanni a gida za su lalata Turancin yara, har wasu suka daina yi musu Hausa. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma bincike yana bayana. Tun 1979 masanin ilimi Jim Cummins ya nuna cewa ƙwarewar da yaro ya samu a harshensa na farko tana ƙetarawa zuwa na biyu. Yaron da ya iya bin zaren tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya yi hasashen abin da zai faru, ya faɗi dalilin da ya sa dabarar Gizo ta ci shi, ya riga ya mallaki abin da ake nema a darasin fahimtar karatu. Adrian Blackledge da Angela Creese, a lokacin suna Jami'ar Birmingham, sun yi nazarin makarantun al'umma na ƙarshen mako, ciki har da na Bangali a Birmingham da na Sinanci a Manchester, suka nuna yadda yara ke amfani da harsunansu duka wajen koyo da wajen sanin ko su wane ne. Uwar da Turancinta bai nuna ba, idan ta takura kanta a kansa, gajerun umarni kawai yaro zai ji daga gare ta. Idan ta saki jiki da Hausa, zai ji labari da hujja da barkwanci da lallashi.

Wani alheri da kullen ya zo da shi shi ne buɗe hanyar gida. Da masallatai suka rufe, manyan cibiyoyi irin su Green Lane Masjid da ke Small Heath sun mayar da karatuttukansu intanet. Gidajen Hausawa kuwa da yawa waya suka ɗauka suka nemi malami a Kano ko Zariya ya riƙa biya wa yara ta WhatsApp. Agogo ma ya taimaka, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Birtaniya da na Najeriya ɗaya ne. Kakanni suka shigo falo ta bidiyo. Sai dai a yi hattara: yaron da ya yi awa huɗu yana kallon allon kwamfuta, a ƙara masa biyu na hadda a kan waya, an kai shi maƙura. Karatu kaɗan mai ɗorewa ya fi, kuma malamin da ba a gani ido da ido, wajibi ne babba ya kasance a kusa lokacin darasinsa.

Abin da ke cikin zuciyar yaro

Binciken hukumar lafiya ta NHS ya nuna cewa a 2017 yaro ɗaya cikin tara, tsakanin shekara 5 da 16, ake kyautata zaton yana da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. A Yulin 2020 adadin ya koma ɗaya cikin shida.

Ga yaranmu akwai ƙarin nauyi. Azumin 2020 gaba ɗayansa cikin kulle aka yi shi, yini mai tsawon awa goma sha shida zuwa sama, babu tarawihi a masallaci, babu buɗa-baki da jama'a. Ƙaramar salla ta 24 ga Mayu a falo aka yi ta. Babbar salla ta zo 31 ga Yuli, kuma a daren jajibiri, bayan an yi cefane an guge kaya, aka sanar da hana ziyarar gidaje a yankin Manchester. Yaron da ke tashi a inda sallarsa ba ranar hutu ba ce, wannan rana ce yake ganin cewa yana da dangi da jama'a. Ga kuma labaran rasuwa daga gida a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da Kano ta yi ta binne dattawanta, iyaye suna kuka a waya, ba halin zuwa ta'aziyya, yara suna kallo ba wanda ya yi musu bayani.

Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da haƙuri, don haka da wuya yaro ya buɗe baki ya ce wa mahaifinsa yana cikin damuwa. Jikinsa ne zai faɗa: ciwon ciki marar dalili, fitsarin kwance bayan ya daina, ƙin abinci, saurin fushi, shiga ɗaki a rufe. Idan aka fassara waɗannan da taurin kai, sai hannu ya kai ga bulala. Ya kamata iyaye su san cewa dokar Ingila ta 2004 ta bar wata 'yar kafa ƙuntatacciya ce kawai ta horo, duk dukan da ya bar shaida laifi ne, kuma Scotland a 2020 da Wales a 2022 sun haramta dukan yara ɗungum. Ko da babu doka, duka ba ya warkar da tsoro. Yaro ya fi sakin baki idan hannunsa na aiki, ana yanka albasa tare ko ana tafiya a lambun Platt Fields ko Cannon Hill Park, ba a zaunar da shi ana kallon idonsa ba.

Ina so in tsaya a kan 'yar fari. Eve Gregory ta nuna a bincikenta na gabashin Landan yadda yayye ke zama gada tsakanin karatun gida da na makaranta, kuma gaskiya ne. Amma a kullen, yarinya mai shekara goma sha biyar da jarrabawar GCSE a gabanta ita ce ta zama malamar ƙanne, mai raino, mai girki, mai fassara saƙon makaranta, ita ce kuma ta ƙarshe da waya ke isowa hannunta. Ɗan'uwanta namiji sau da yawa ba a ɗora masa rabin wannan ba. Duk tsarin yinin da bai ware mata awanninta ba, a kanta aka gina shi.

Makaranta kuma ido ce. Mutuwar wani yaro ɗan shekara shida a Solihull a Yunin 2020, a hannun waɗanda ke riƙonsa, ta girgiza ƙasar har ta kai ga bincike na ƙasa. Ba gidan Hausawa ba ne, amma darasin ya shafi kowa: idan aka rufe aji, dole wani ya ci gaba da leƙa yaro.

Bayan an buɗe ƙofa

Komawa aji bai rufe maganar ba. Ɗaliban da ke yawan fashin makaranta a Ingila sun tashi daga kashi 10.9 cikin ɗari a shekarar karatu ta 2018/19 zuwa 22.5 a 2021/22. Sir Kevan Collins, wanda aka naɗa ya jagoranci farfaɗo da karatu, ya ajiye aiki a Yunin 2021 bayan ya nemi kimanin fam biliyan 15 aka ba da biliyan 1.4. Karatu daga gida kuma ya sake dawowa nan da can, a yajin aikin malamai na 2023 da kuma lokacin da aka rufe gine-ginen makarantu sama da ɗari a farkon zangon Satumbar shekarar saboda raunin kankare.

Saboda haka shiri ya kamace mu tun yanzu. Ƙungiyoyin 'yan arewa da ke biranen nan sun ƙware wajen haɗa walimar salla da taimakon jana'iza. Za su iya ƙara sanin gidan da ke da yara 'yan makaranta, da wanda uwa ke ita kaɗai, da wanda zuwansu ke nan ba su san hakkinsu ba, su kuma tanadi kwamfutocin aro da za a kai cikin sirri. Malamanmu da ke koyarwa a makarantun Ingila su zauna da iyaye su nuna musu hanyar sautuka da ta lissafi cikin Hausa. Makarantu kuwa su daina ɗaukar imel a matsayin sadarwa da ta wadatar. Kiran waya na minti biyar, a tambayi uwa yadda gida yake kafin a tambayi aikin da ba a turo ba, shi ke fito da gaskiya.

Akwai aiki ɗaya da ke hannun kowane uba da uwa. Kowace makarantar gwamnati a Ingila tana rubuta harshen farko na ɗalibi a ƙidayar da take aika wa ma'aikatar ilimi, Hausa na cikin jerin harsunan, kuma tsarin rabon kuɗi yana ba makaranta ƙari saboda ɗaliban da Turanci ba shi ne harshensu na farko ba a shekarunsu uku na farko. Wasu iyaye suna rubuta Turanci a takardar shiga don gudun kada a raina ɗansu ko a mayar da shi baya. Da wannan suna rage wa makarantar kuɗin taimakon, suna kuma share 'ya'yanmu daga lissafi. Ina roƙon iyaye su rubuta Hausa idan ita yaro ya tashi yana ji a gida, ina kuma kira ga masu bincike su nemi waɗannan alƙaluma daga majalisun biranen Manchester da Birmingham, su bi su unguwa-unguwa, su shiga gidajen su ji daga bakin iyaye mata da yaran kansu.